Baturiyar da Na Rako Daga Madina

Tun da na dawo daga Umara ban huta ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka, kafin ya gama tauna dabino sai ya sassauta murya ya tambaye ni, wai da gaske ne na dawo da hoton Baturiya 'yar fim a aljihu? Alhaji Tanko ne ya baza maganar, abokin tafiyata wanda aka haɗa mu ɗaki ɗaya. To, da gaske ne. Na gaji da maimaitawa a bakin rumfa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta da kansa. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi.

Wanda bai san ni ba, ni ne Sule mai faci na bakin tasha a Gusau, Bagobirin nan mai fuska kamar kaji sun yi tono a kanta. 'Yata Bilki ce ta biya mini kujerar, bayan rasuwar uwarta Indo. Indo ta sha cewa tare za mu je, ita ta riƙe fasfo da guzuri, ni kuma in riƙe bakina. Allah bai yi ba. Na tafi ni kaɗai da bakin nawa, ba mai riƙe shi.

Hanyar Gusau zuwa Kano ba abin faɗa, sai dai tayarmu ta yi faci wajen Funtuwa, na sauka da sabuwar shadda ina gaya wa yaron aikinsa har direba ya roƙe ni in koma mota. A jirgi kuma na kama hannun kujera tun daga tashi, na ƙi ci, na ƙi sha, don kar in buƙaci ɗan ɗakin nan da aka ce idan ka danna abu yana zuƙar mutum. Tanko ya cinye rabona ya yi barci.

Da muka sauka Madina aka jera mu gaban wani saurayi mai kaki, ya ce in ɗora yatsu a kan gilashi. Na ɗora, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Ya goge gilashin, ya fesa mini wani ruwa, na sake ɗorawa, ta sake cewa ba kowa. Aikin roba da gam da fetur ya shafe zanen yatsuna tas. Na ce wa mai yi mana tafinta ya gaya masa tun a gida ma ba a cika ganina ba, sai taya ta sace. Saurayin ya yi murmushi, ya kama babban yatsana da hannunsa biyu ya danna kamar mai matsar lemo, da ƙyar ta yarda ni mutum ne. Ya ce, “Ahlan ya Hajji.” Ban taɓa yin hajji ba, amma ban gyara masa ba.

Masaukinmu bene ne mai tsawo. Ba mabuɗi, sai wani ɗan kati da ake nuna wa ƙofa. Washegari na leƙo da ɗan singileti da zane in ga ko ana sayar da koko a layin, ƙofa ta rufe kanta da katin a ciki, Tanko ya tafi masallaci. Na tsaya a baranda ina gaida mutanen Indunusiya suna wucewa suna sunkuyar da kai. Abinci kuwa, shinkafa ce da rabin kaza, safe da rana. Akwai wata gurasa mai faɗin faifai da suke ci da dafaffen wake an kwarara masa mai, ita ce ta riƙe ni. Abin da ya fi ba ni mamaki, a gida idan aka kira salla sai ka ga mai shago yana leƙen ko akwai sauran ciniki. A can wani mai dabino ya yafa ƙyalle kawai a kan kayansa ya tafi, ya bar ni tsaye a gaban buhunan ajwa ni da Shaiɗan.

Masallacin Manzon Allah ba zan iya ba da labarinsa ba. Na shiga, na yi sallama, bakin nan nawa ya mutu. Na yi wa Indo addu'a. Da na fito ban ga takalmana ba, kuma ban damu ba.

Ranar da aka kai mu ziyara Ƙuba ne abin ya faru. Direban motarmu wani Bahaushen Sudan ne, Abakar, kakanninsa sun tashi don hajji suka zauna a hanya. Hausarsa tana da daɗi, sai dai rabinta Larabci ne. Tun da na shiga yake kallona ta madubi. Da muka fito daga masallacin ya ja ni gefe, ya ce akwai wata tsohuwa a unguwar Ranuna, nan kusa, da take son ganin duk baƙon da ya zo daga ƙasar Hausa da tsage a fuska. Ya ce ya daɗe yana kai mata mutane, yanzu masu tsagen sun yi ƙaranci, sai a yi wata bai samu ko ɗaya ba. Na tambaye shi ko aure take nema. Ya ce ta kusa casa'in kuma ba ta gani. Na ce to ai daidai ni ke nan. Ya ce, “Yalla ya Baba, akwai abinci.” Na bi shi.

Ɗanta ne ya tarbe mu, Abdurrahman, sa'ana ne ko ya ɗan gaza ni, farin jallabiya ba ko tabo, ɗan ƙasa da takardunsa, ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Yana jin Hausa sarai, amma idan ya fara amsawa sai ta zame masa ya ƙarasa da Larabci. Ya zaunar da mu ya shiga zuba mini gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙa, ya sake zubawa. A gida barin abu a kwano raini ne, don haka na yi ta shanyewa, shi kuma ya yi ta zubawa, har zuciyata ta fara kiɗan kalangu. Sai Abakar ya raɗa mini cewa in na ƙoshi girgiza kofin ake yi. Na girgiza shi har ya kusa faɗuwa. Aka kawo tsire, irin namu sak da ƙuli-ƙuli, wai su siriye suke ce masa, da dabinon Haibar.

Bayan la'asar aka shigo da Hajiya Zainabu a keken guragu. 'Yar ƙarama ce, ta naɗe cikin baƙin mayafi, idanunta sun yi fari. Hausarta irin ta kakata ce, wadda ban ƙara ji ba tun ina yaro. Ta ce in matso. Ɗan ya ɗan yi gyaran murya, ta ce masa ya yi shiru, a shekarunta duk namijin duniya ɗanta ne. Ta ɗora yatsunta a kumatuna, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya tun daga gefen baki har kunne. Rabon da wani ya taɓa fuskata tun Indo.

Ta sauke hannu ta ce, “Bagobiri ne. Na taɓa irinku da yawa. Ba kai ba ne, ɗana, amma ka ci abinci.”

Na ce, “Inna, an saba gaya mini haka. Wa kike nema?”

Ta zura hannu cikin rigarta ta ciro wata 'yar jakar fata kamar laya. Na ga fuskar Abdurrahman ta canza, ya ce da ita cikin Larabci wani abu mai kama da roƙo. Ba ta kula shi ba. Ta zaro wani ɗan kati da bai fi yatsu biyu ba, gefensa duk ya cinye, ta miƙo wajen da take jin numfashina.

Ina gani na gane shi. Katin kwalin taba ne. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba, ni ma ban tarar ana saka shi ba. Amma a unguwarmu akwai wani tsohon soja da ya je yaƙin Bama, yana da gwangwani cike da su. Ya ce da can Turawa cikin kowane kwalin sigari suke saka hoto ɗaya, na matan da suke wasa a fim da dandali, don mutum ya yi ta saye yana neman wadda bai samu ba. Mu yara mukan share masa ɗaki don ya bar mu mu kalla. Ga su nan da gashi a waje, wuya a miƙe, ido a sama kamar suna jiran ruwan sama. Kowannenmu ya zaɓi matarsa ya raɗa mata suna. Tawa Delu na sa mata, mun yi zaman lafiya har ranar da tsohon ya kama ni ina sumbatarta.

Wannan ma irinsu ce, mai dogon wuya da 'yar wushirya. Sai dai wani ya shafe mata fuska da tawadar allo ta koma baƙa, ya zana mata ɗankwali a kan gashin, kafaɗunta da suke a buɗe ya rufe su da tawada.

Hajiya ta ba ni labarin, Abakar yana cike mini inda ta zame Larabci. Tana goye iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa. Uwar ta rasu da zazzaɓi a ƙasar Cadi, ita ba ta ma iya tuna muryarta. A Sudan uban ya yi gadi a gidan wani Bature don ya tara na jirgin ruwa. Ta ce kullum tana damunsa da kuka, tana tambayar yaya kamannin innarta. Wata rana ya tsinci katin nan a kwalin da Baturen ya yar, ya ga wuyan da wushiryar. Ya zauna da tawada ya gyara ta, sannan ya ɗauki allura ya tsaga mata irin tsagen matarsa. Ya ce mata, ga innarki, duk inda kika ga mai irin wannan aska, danginki ne. Sun iso Hijaz ba da daɗewa ba shi ma ya rasu, wasu Barebari suka riƙe ta. Sunan garin uwarta, in ma ya taɓa faɗa, ya tafi da shi.

Abdurrahman ya karɓe zancen, yana kallon ƙasa. Ya ce 'yarsa ta nuna wa waya hoton, duk da tawadar wayar ta gano matar. Shahararriya ce a zamaninta, ana cika gidajen kallo dominta, mata suna kwaikwayon gyaran gashinta, har yau akwai masu tara irin katin suna adanawa. Rubutun bayan katin ma yabon kyanta ne da tallar taba. Ya ce shi abin yana damunsa. Uwarsa mahaddaciya, a birnin Manzo, tana kwana da hoton 'yar wasa a ƙirji, kuma duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa. Ya sha gaya mata wannan ba kakarsu ba ce.

Tsohuwar ta yi dariya, ba haƙori ko ɗaya. Ta ce, “Shi a zatonsa ban sani ba. Tun ina 'yar shekara goma na san Baturiya ce, wa ya taɓa ganin Bahaushiya da hanci kamar allura? Aron fuska ta ba ni. Ko ma mene ne aikinta, ni dai ta yi mini reno, kuma kullum ina sa ta a addu'a. Ba ita nake nema ba, askar nake nema. Kafin in mutu ina so in san sunan garin da zan ce ni 'yar can ce.”

Na saka tabarau na duba. Tawada ta dusashe, katin ya sha hannu, ban ga komai ba sai ɗan kurji-kurji. Na gaya mata gaskiya. Ta ce ita ma ai ba ta gani, in rufe ido in sa yatsa.

To mai faci da yatsa yake neman ƙaya a cikin taya, ba da ido ba. Na rufe ido na ɗora babban yatsana, wanda na'urar filin jirgi ta ce babu shi. Na ji tsagen kalangu a kumatu biyu, wannan kowace mace tana iya yi. Sai na ji bille ɗaya a dama. Na bi shi a hankali daga gefen hanci yana gangarowa. Maimakon ya ƙare a miƙe, sai wutsiyarsa ta lanƙwashe ta koma sama.

Abdurrahman ya ce wurin nan allurar ce ta zame wa kakansa, sun daɗe da lura.

Na mayar da yatsana kan wutsiyar billen, na sake bin ta. Ba zamewa ba ce. Indo 'yar Kwarin Maje ce, wani ɗan ƙauye can gabas da mu. Wanzaminsu na farko bahago ne, idan ya ja bille sai askar ta ɗago a ƙarshe, 'ya'yansa da jikokinsa kuma suka ɗauka haka aikin yake, suka yi ta yi. Duk macen garin da aka haifa kafin a daina tsaga tana da wannan lanƙwasar. Ni nake tsokanar Indo ina ce mata ƙugiyar da aka kama ni da ita ke nan. Da ciwo ya kwantar da ita, idan ina goge mata fuska da tsumma, a nan yatsana yake tsayawa.

Hajiya ta ji numfashina ya canza. Ta ce, “Ɗana, kuka kake yi?”

Na ce gahawar ɗanta ce take fita ta ido. Sannan na gaya mata. Na ce ba zan rantse ba, don ban zagaye duniya na ga ko akwai wani bahagon wanzami ba. Amma ni dai matan gari ɗaya na sani masu wannan ƙugiya, na zauna da ɗayarsu tun ina saurayi har na binne ta, kuma ga sunan garinsu.

Ta maimaita sunan. Ta sake maimaitawa, tana tauna shi kamar dabino. Ta tambaye ni ko akwai ruwa a garin, na ce akwai rafi da damina. Ta tambayi abin da suke nomawa, na ce gero da wake da rigima. Ta tambayi halin matan garin, na ce faɗa da tsabta da ciyar da baƙo dole. Abdurrahman ya ce wallahi an gama, ummi ce. Ta kai masa duka da gefen mayafi ta same ni.

Da muka tashi tafiya ta mayar da katin cikin jakar, ta riƙe shi a tafinta ta daɗe. Sai ta miƙo mini. Na ce a'a, Inna, me za ki riƙa taɓawa? Ta ce yanzu tana da sunan, shi ba ya cinyewa a gefe. Ta ce, “Innata ta fito ba ta iso ba, ba ta kuma koma ba. Ta gaji da baƙunta. Ka kai ta gida.”

Na ɗauka ɗan zai yi murna an raba gidansa da hoton. Sai ya karɓa daga hannuna, ya shiga ciki, ya dawo da shi naɗe a farin hankici yana ƙanshin turaren wuta. Ya rako mu har mota. A bakin ƙofa ya ce, da Hausa tsantsa ba Larabci ko ɗaya, “Kawu, ka riƙe ta da kyau.” Mutumin da ya kusa sa'ana.

Haka na je Makka da ita, na yi Umarata, ta jira ni a masauki cikin jaka. Ranar haɗa kaya ne Tanko ya ga hankici mai ƙanshi, ya ɗauka turare na ɓoye masa, ya buɗe. Ya kalle ni, ya kalli Baturiya, ya ce Sule ko a nan ma ba ka shiryu ba. Na so in yi masa bayani, sai na ga labarin da zai bayar ya fi nawa saurin tafiya, na ƙyale shi.

Da na huta na hau mota zuwa Kwarin Maje. Rabona da garin tun sadakar Indo. Na sauka gidan gwoggonta Lami, wadda ita ce mafi tsufa a garin yanzu, ta tara mini tsofaffin mata a tsakar gida, kowace da ƙugiyarta a kumatu. Na ba su labari na buɗe hankicin. Na yi zaton za su yi dariya, ko su tambayi wace ce wannan mai hanci. Ba wadda ta tambaya. Katin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, kowace ta kai shi kusa da ido, sannan ta shafa da yatsa. Suka shiga gardama a kan ko 'yar gidan wa ce. Wata ta ce ta ji kakarta tana zancen wata da ta bi miji gabas ba a ƙara jin ɗuriyarta ba, wata ta ce ai irinsu sun fi a ƙirga. Ba a daidaita ba. Amma Gwoggo Lami ta ɗora katin a kan cinyarta, ta gyara masa zama, ta ce, “Tamu ce. Sannu da hanya, 'yar nan.” Ta sa aka kawo ruwa a sabon kwano aka ajiye a gabansa, kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga nesa. Yanzu yana cikin kwallar kayanta, tsakanin zannuwan da ta ajiye na likkafani da na sallah.

Daga nan tsakar gidan na sa aka kira mini Abdurrahman, ya kai wa uwarsa wayar. Na ce, Inna, mun iso. Matan suka yi ta karɓa suna gaishe ta, kowace tana ce mata Yaya, tana amsawa da muryar da ban ji ta da ita ba a Madina. Wayar ta dawo hannuna. Sai ta ce, “Sun ba ta ruwa?”

Na ce, “Sun ba ta, Inna, a sabon kwano.”

“Ta sha?”

Na kalli kwanon. Na ce mata kunya take ji, ta daɗe ba ta gida, amma ni ɗan rakiya zan sha mata. Na ɗaga na shanye tas, ina ji tana dariya daga Madina.